Zauren Ciniki: Yaya ake sayar da mutum-mutumin shara a garin da tsintsiya take da araha?

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan watan da yawansu a kan abu guda suka taru, wato mutum-mutumin gida, musamman na'urar nan mai faɗin faifai da ke yawo a cikin ɗaki ita kaɗai tana shara da goge-goge. Shekara ashirin da ɗoriya ina sayar da kayan kicin da na wuta a Kano. Wannan na'ura na saro ta, na ci riba a kanta, na kuma tafka asara. Daga abin da na gani a kanti zan amsa muku.

Tambaya: Hajiya, ina da shagon kayan wuta a France Road. A tafiyata Guangzhou ta ƙarshe na ga mutum-mutumin shara ya cika kasuwa, sai na ɗauko guda 30. Yau wata uku, biyu kacal suka fita. Mutane su tsaya su kalli kwalin, su tambayi kuɗi, su ce "ikon Allah", su wuce. Na yi talla a Facebook na rubuta "fasahar zamani ta iso Kano". Jarina ya kwanta. Ina na kuskure? (Ɗan kasuwa, Sabon Gari, Kano)

Amsa: Alhaji, Allah ya kawo kasuwa mai albarka. Kuskuren yana cikin tallar da ka rubuta da hannunka. Ka gayyaci mutane kallon abin mamaki, suka zo suka kalla, suka tafi da kuɗinsu. Mace ba ta kwance bakin zaninta saboda fasahar zamani. Tana kwance shi ne idan ta tabbata za ta dawo daga aiki ƙarfe biyar na yamma ta tarar da falonta fes, ba tare da ta sunkuya ba.

Waɗanda suka fara cin kasuwar nan sun gane haka tun farko. Kamfanin iRobot na Amurka, wanda wasu masana uku daga jami'ar MIT suka kafa a 1990, ya yi shekara 12 yana ƙera mutum-mutumi iri-iri, har da na soja, kafin ya fito da Roomba a watan Satumba na 2002. Da suka fito da ita, a matsayin injin sharar ɗaki mai wayo suka tallata ta, suka sa mata kusan dala 200, kuɗin da bai yi nisa da na injin zuƙe ƙura na hannu ba. Shagunan da suka fara karɓarta, irin su Brookstone da Sharper Image, shaguna ne da ake kunna kaya a gaban mai saye ya gani da idonsa. Shekara guda kafin nan kamfanin Electrolux na Sweden ya riga su fitar da tasa, Trilobite, amma kuɗinta ya haura dala 1,000, ba ta yi nisa ba. Ka kuma dubi Jibo, wanda ya fito a 2017 a kan dala 899. Yana magana, yana juyi, yana gane fuskar masu gida, mujallar Time ma ta sa shi a bangonta cikin ƙirƙire-ƙirƙiren shekarar. Amma ba ya ɗauke wa kowa aiki ko ɗaya a gida. Kafin 2019 ta ƙare an rufe babinsa. A shekarar ce kuma kamfanin Anki, mai ƙera ƙananan mutum-mutumin wasa, ya rufe. Mai shara ita ce ta rayu, don akwai aikin da take yi kullum.

Saboda haka gobe da safe ka fasa kwali ɗaya, ka ɗauka ka yi asararsa. Ka sa kafinta ya haɗa maka ɗan shinge na katako, kamu huɗu a kan huɗu, a bakin shago inda mai wucewa zai gani. Rabi a shimfiɗa tayil, rabi guntun kafet. Ka ajiye kwano da rairayi, da ɗan tsabar shinkafa, da ɓawon gyaɗa, da ɗan gashin da ake tsefewa. Kada kai ka zuba. Mai saye za ka miƙa wa kwanon ya watsa da hannunsa, domin idan kai ka zuba zai ce ka san inda ka zuba.

Ba na manta wata ma'aikaciyar jinya da ta shigo kantina da kayan aiki a jikinta, ta zo sayen tukunyar matsi. Ta ga na'urar tana zagaye, ta taɓe baki. Na miƙa mata kwanon. Ta ɗebi rairayi cike da hannu ta watsa har kusurwa, ta naɗe hannu tana jira. Da na'urar ta gama, ba ta ce komai ba. Ta tattare hijabinta ta tsuguna, ta shafa tafin hannunta a kan tayil ɗin, ta juya shi ta duba. Sannan ta ce in buɗe mata cikinta. Na zaro ɗan akwatin datti na zazzage a kan takarda, ga rairayinta ga shinkafarta. Sai a lokacin ta tambayi kuɗi. Gani ya kori ji, Alhaji. Ranar ba ta saya ba, sai da albashi ya shigo ta dawo da abokiyar aikinta.

Abu na biyu, ka san da wa kake takara. Abokan takararka su ne tsintsiyar kaba, da 'yar aiki, da yaran gida da ake tasa da asuba su yi shara. Na'ura mai kyau kuɗinta ya ninka mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sau da yawa. Gidan da ke da 'yan mata uku ba gidanka ba ne, kada ka ɓata yawunka. A kantina masu saye kusan iri uku na gani. Akwai matar da ke aikin asibiti ko banki ko koyarwa, tana zaune a fulat mai tayil, ta gaji da sauya 'yan aiki ko kuma ba ta son baƙuwar fuska a gidanta. Akwai ɗa ko 'ya da ke Abuja ko ƙasar waje, mahaifiya na fama da ciwon baya ko gwiwa, ana neman abin da zai rage mata wahala. Sai gidan da ke da mai asma, wanda hunturu ke zame musu tashin hankali. Waɗannan mutane ba kullum suke ratsa France Road ba. Kai za ka bi su. Ka nemi shugabannin ƙungiyoyin adashin gata na ma'aikatan asibitoci da jami'o'i, ka roƙi minti goma a ranar taronsu, ka je da shingenka da kwanonka. Irin waɗannan ƙungiyoyi sun saba sayen kaya a dunƙule su riƙa cirewa a albashin mambobi, kai kuma ka karɓi kuɗinka lokaci guda.

Na uku shi ne wanda ya fi yi mini aiki: aron kwana uku. Mai saye ya ajiye wani kaso na kuɗin, yaronka ya kai na'urar gida, ya kafa mata wurin caji, ya nuna wa uwargida ko ya nuna wa maigida ya nuna mata. Bayan kwana uku, ko a cika kuɗi ko a dawo da kaya a mayar wa mutum ajiyarsa. Waɗanda suka dawo mini da ita ba su da yawa. Wanda ya kwana uku yana taka ƙasa babu ƙurus-ƙurus a tafin ƙafarsa, da wuya ya so komawa.

Amma kafin ka ba da aron, ka yi tambaya kamar tela mai awo. Tayil ne ko kafet ko leda? Dokin ƙofa nawa ne tsayinsa? Yawancin na'urorin nan ba sa haura abin da ya wuce santimita biyu, kaurin ɗan yatsa ke nan. Akwai wayoyin caja a zube a ƙasa? Akwai baƙin kafet? Idanun da ke ƙarƙashinta, masu hana ta faɗowa daga bene, sukan ɗauki baƙin kafet a matsayin rami, sai ta tsaya cak. Darduma mai geza kuwa naɗe ta take yi. Wani dattijo ya taɓa zuwa da kuɗinsa a hannu zai saya wa iyalinsa. Da na tambaya, gidan cikin gari ne, ɗakuna a jere, kowanne da dokin ƙofa mai tsayi, tsakar gida siminti, ita ce ma ya fi so a riƙa sharewa. Na ce masa, Baba, wannan ba za ta yi maka aiki ba, ka riƙe kuɗinka. Ya yi mamaki, har ya ɗan ji haushi. Amma da na sayar masa, da cikin mako guda duk layinsu an ji cewa abin nan ƙarya ne, kuma a kantin wance aka saya. Guda 28 ɗin da suka rage maka za su fita, in sha Allah, amma ɗaya bayan ɗaya, kowacce zuwa gidan da ya dace da ita.

Tambaya: Anti, ina sayar da kayan kicin ta WhatsApp da TikTok. Ina tunanin sa mutum-mutumin shara a cikin jerin kayan ɗakin amarya da nake haɗa wa iyaye. Kuma wasu suna neman biyan kaɗan-kaɗan. Me kika gani? (Wata 'yarki, Kaduna)

Amsa: 'Yata, Allah ya yi miki albarka, amma ki cire shi daga jerin. Uwar amarya da ke fama da gado da kujeru da labule da tukwane, ga gara tana jiranta, kada ki ƙara mata abin da gobe zai zama dole a unguwa, a riƙa cewa 'yar wance an kai ta da shi, 'yar wance ba a kai ta ba. Mun ga yadda wasu kaya suka shiga jerin nan suka ƙi fita, iyaye suna cin bashi a kansu. Ba na son hannunki a cikin irin wannan.

Inda ya dace da shi shi ne gudunmawa. Ƙawayen amarya, ko abokan aikinta, ko 'yan ajinsu na makaranta, mutum goma ko sha biyar, kullum suna neman abu guda mai daraja da za su haɗa kuɗi su saya, maimakon kowa ya kawo kula ko fulas ɗin da za a tara goma a ɗaki. Su za ki yi wa magana. Ki naɗe shi da kyau, ki sa katin da za a rubuta sunayensu.

Batun bidiyo kuma, ki daina ɗora wanda kamfani ya yi. A can ƙasashen babbar tallarsu gashin kare da na kyanwa ne a kan kafet. Mu damuwarmu ƙura ce, wadda za ki share da safe, kafin la'asar ki rubuta sunanki da yatsa a kan tebur. Ki ɗauki bidiyo a falonki, da wayarki, da muryarki, da Hausa. Ki nuna ƙasan kujera kafin ta shiga da bayan ta fito, kada ki yanke ko daƙiƙa ɗaya a tsakani, domin mata sun san yankan bidiyo. Idan ta maƙale a wayar caja, ki bar wurin a ciki, ki ce kun gani, sai an ɗauke mata waya. Wannan gaskiyar ita ce za ta sa a yarda da sauran maganarki. Ki kuma rubuta farashi ƙarara. Kayan da aka ɓoye kuɗinsu, mai son saye yakan ɗauka sun fi ƙarfinsa ya wuce.

Lokacin kasuwarki daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne, sa'ad da hazo ya sauka, sai kuma gab da azumi, lokacin da mace ke lissafin yadda za ta haɗa girkin buɗa-baki da tarawihi da aikin gida.

Biyan kaɗan-kaɗan yana da kyau, sai dai tun da aka saki darajar naira a watan Yuni na 2023 duk mai saro kaya da dala ya san yadda riba ke narkewa a hannun masu bashi. Ni abin da nake yi, wata uku ne iyaka, farashi a rubuce, kaya kuma suna hannuna har sai an biya kashi biyu cikin uku. Wadda ta fasa, a mayar mata da kuɗinta cif, babu tsinke.

Tambaya: Hajiya, magidanta da yawa suna tambayata ko abin nan yana da kyamara, ko yana ɗaukar hoton iyali ya tura wani wuri. Nakan ce musu babu komai don kada ciniki ya lalace. Amma zuciyata ba ta kwanta ba. (Mai shago, Maraɗi)

Amsa: Malam, zuciyarka ta gaya maka gaskiya. Tambayar nan ba ta ƙauyanci ba ce, kuma abin da suke tsoro ya taɓa faruwa. A watan Disamba na 2022 mujallar MIT Technology Review ta ba da labarin wasu hotuna da na'urorin Roomba na gwaji suka ɗauka a cikin gidajen mutane a 2020, har da na wata mata a banɗaki. Ma'aikatan kwangila da aka ba su aikin tantance hotunan su suka ɗora su a shafukan sada zumunta. Kamfanin ya ce na'urorin gwaji ne da aka ba waɗanda suka amince, ba waɗanda ke kasuwa ba. To, ko da hakan ne, magidancin da bai yarda baƙo ya wuce zaure ba yana da haƙƙin ya san ko akwai ido a cikin abin da zai shigar ɗakin matarsa.

Ka san kayanka. Masu araha yawanci ba su da kyamara, bugun bango suke yi su juya. Na tsakiya suna da ɗan tulluwa a ka mai juyawa, yana harba hasken leza yana auna nisan bango da kujeru, ya zana taswirar gida babu hoton kowa. Wannan nake ba da shawara a saro, kuma yana aiki a cikin duhu, abin da ke da amfani a ƙasar da ake ɗauke wuta. Masu kyamara su ne na uku, wasu masu tsada kuma sun haɗa leza da kyamara a gaba, har mai gida na iya leƙa falonsa ta waya. Ka juya na'urar ka duba goshinta, ka karanta kwalin. Idan akwai kyamara ka ce akwai. Ka kuma nuna wa mai saye cewa yawancinsu suna shara da danna maɓalli kawai, ba sai an haɗa su da intanet ba. Mutumin da ka gaya wa haka ba tare da ya matsa maka ba, shi zai turo maka ƙaninsa.

Tambaya: Mama, na sayar da guda takwas, uku sun dawo da ƙorafi: ɗaya ba ta zuƙa, ɗaya ba ta komawa caji, ɗaya ta ƙi haɗuwa da waya. Ko in bar sana'ar? (Ɗanki, Gusau)

Amsa: Ɗana, kada ka bari, yanzu ma ka shiga sana'ar. Wadda ba ta zuƙa, ka ciro matatar ƙura ka duba, kusan na tabbata ta toshe. An ƙera su ne da lissafin ƙurar wasu ƙasashe, tamu ta hunturu kuwa laushi gare ta kamar garin alkama, akwatin dattin kuma bai wuce rabin lita ba. Dole a zazzage shi kullum, a karkaɗe matata, a yanke gashin da ya naɗe buroshi. Wadda ba ta komawa caji, ka tambaya ko da wuta a lokacin. Wurin cajin ne ke aika mata alama, idan babu wuta sai ta yi ta lalube har batir ya mutu. A jona shi a layin inbata ko sola, bai kai fanka cin wuta ba.

Ta ukun ce ta tuna mini da asarata. Wani dillali a Chaina ya taɓa turo mini katan-katan da araha, ban bincika ba. Ashe waɗanda aka yi don kasuwar cikin ƙasarsu ne. Muryarsu da Sinanci, manhajar kuma ta ƙi karɓarsu a nan. A ƙasa da uwar kuɗi na rabu da su, bayan na gaya wa kowane mai saye aibinsu. Tun daga ranar nake sa a rubuta mini a takardar ciniki cewa samfurin ƙasashen waje ne, a kunna ɗaya a bidiyo in ji muryarta kafin in biya. Ka kuma kula da na gwanjo daga Amurka, wurin cajin wasunsu na wuta mai ƙarfin volt 120 ne, tamu kuwa volt 230 ce, sai ka duba rubutun da ke jiki. Wani lokaci kuma matsalar ƙarama ce: yawancinsu layin wayafai (Wi-Fi) na 2.4GHz kawai suke kamawa.

Ka tsaya a kan kamfani ɗaya ko biyu, cikin irin su Roborock, Ecovacs, Dreame ko Xiaomi, don kayan gyaransu su zama iri ɗaya a shagonka. Kada ka jingina da girman suna. iRobot ɗin da ya buɗe kasuwar, Amazon ya shirya saye shi a kan dala biliyan 1.7 a 2022, cinikin ya rushe a Janairun 2024, iRobot ya sallami kusan kashi ɗaya cikin uku na ma'aikatansa. Mai saye a Gusau ba kamfani ya sani ba, fuskarka ya sani. Duk sarin da za ka yi, ka haɗo da matata, da buroshin gefe, da ƙyallen goge-goge, da batura kaɗan, domin batir yakan yi sanyi bayan shekara biyu zuwa uku. Matata ɗaya ka ba da ita gyara a kan kowane ciniki. Ka samu yaro mai hankali cikin masu gyaran waya, ka ba shi wadda ta lalace ya kwance ya ɗaure har ya san cikinta. Ni nawa a kasuwar wayoyi ta Farm Centre da ke Kano na samo shi. Bayan mako biyu da saye ka kira mutum ka tambayi lafiyar na'urarsa kafin shi ya kira ka. Ribar kayan gyaran nan, a hankali a hankali, takan biya kuɗin hayar shago.

Tambaya: Hajiya, ba gara in jira masu siffar mutum ba, waɗanda za su yi wanki da girki? (Ɗalibi mai son fara kasuwanci, Zariya)

Amsa: Ɗana, kada ka ɗaure jarinka da bidiyon da kake gani. Amazon da duk ƙarfinsa ya fito da mutum-mutumin gida mai suna Astro a 2021 a kan kusan dala 1,000, ba ya wanki ba ya girki, kuma sai wanda aka gayyata ke iya saye. Mai siffar mutum da kamfanin 1X ya fara karɓar odarsa a 2025 dala 20,000 ne, kuma ayyuka da yawa sai wani ma'aikaci daga nesa ya sarrafa shi yana kallon cikin gidan ta kyamara. Ka faɗa mini magidanci nawa ka sani a Zariya da zai yarda da haka. Idan kana da ɗan jari, ka sayi mai shara guda biyu masu leza. Ɗaya ka sa ta aiki a ɗakin mahaifiyarka wata guda cur, kai ne mai zazzage ta, kai ne mai warware mata gashi. Ɗayar ka riƙa kai ta aro gidajen malamai a Samaru da Kongo. Idan wata ya cika ka sake rubuto mini abin da matan gidajen suka ce, da bakinsu, da abin da suka ƙi.